Sharhi: Tiyatar matsarmama ta ƙananan huji, da abin da Tamale ke buƙata bayan sayen na'ura

Tun 1985 ake cire matsarmama ba tare da an tsaga ciki ba, kuma a yau wannan ce hanyar da aka fi bi a manyan asibitocin duniya. Sai dai alƙaluman da aka tara cikin waɗannan shekaru sun nuna cewa kyawun sakamakon ya dogara ne da ƙwarewar likita, da wuta da ruwa, da lokacin da majinyaci ya iso, da kuma kulawar da ya samu bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata. A nan ne batun ya shafi Tamale da dukan arewacin Ghana.

A ɗauki misalin mace mai shekara 42, uwar 'ya'ya biyar, da ke sayar da hatsi a kasuwar Aboabo. Duk lokacin da ta ci abinci mai maiƙo sai ciwo ya turnuƙe ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya riƙa harbawa zuwa baya ko kafaɗa. An ce mata olsa ce, ta sha maganin kemis, ta sha jiƙe-jiƙe, ciwon ya lafa ya dawo. Sai ranar da aka yi mata hoton sikanin ciki aka ga tsakuwa a cikin matsarmamarta, wadda wasu ke kira maɗaciya.

Hanya biyu ce a gabanta. Ta farko, a tsaga ƙarƙashin haƙarƙarinta tsawon santimita 10 zuwa 15, ta yi kwanaki a gadon asibiti, sannan ta yi mako huɗu zuwa shida kafin ta iya ɗaga buhu. Ta biyu, a yi mata huji uku ko huɗu, babbansu bai wuce kimanin santimita ɗaya ba, ta koma gida a ranar ko washegari, ta koma rumfarta cikin mako ɗaya ko biyu. Ga wadda ba ta da albashi, kuma ba mai biyanta kuɗin hutun jinya, wannan bambanci shi ne tsakanin riƙe jari da cinye shi.

Yadda ake yin aikin

Matsarmama 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta. Hanta ce ke samar da ruwan nan mai ɗaci da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, ita kuwa jakar adana shi kawai take yi. Saboda haka mutum na rayuwa lafiya lau bayan an cire ta, ruwan sai ya riƙa gangarawa kai tsaye zuwa hanji, ko da yake wasu kan yi fama da sakin ciki na ɗan lokaci. Yawancin masu tsakuwar, kimanin kashi 80 cikin 100, ba sa jin komai kuma ba sa buƙatar tiyata. Wanda ta fara damu ne ake cire wa jakar ɗungurungum, domin idan aka kwashe tsakuwar kaɗai wata za ta sake taruwa. Shan man zaitun da lemun tsami, da ake yawan tallatawa a wayoyi, ba ya narkar da ita.

A tiyatar ƙananan huji, wadda ake kira laparoskopi, kuma likitocin ƙasashen renon Faransa suka fi sani da cœlioscopie, ana sa majinyaci barci gaba ɗaya. Sai a hura masa iskar kabon dayoksaid a ciki don a sami sarari, a zura kyamara ta wajen cibiya, likita ya riƙa kallon allo yana aiki da dogayen ƙarafa. Zai ɗaure ɗan bututun da ke fita daga jakar da jijiyar jinin da ke ciyar da ita, ya yanke su, ya ɓanɓare jakar daga jikin hanta, ya zaro ta ta ɗaya daga cikin hujin.

Likitan Jamus Erich Mühe ne ya fara yin haka a garin Böblingen a watan Satumban 1985, sai Philippe Mouret a birnin Lyon na Faransa a 1987. Zuwa 1992, cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka sun amince da ita a matsayin ingantacciyar hanya ga yawancin masu ciwon tsakuwar matsarmama.

Abin da alƙaluma suka nuna

Amfanin aikin ba abin musu ba ne: ƙarancin raɗaɗi, gajeren zaman asibiti, saurin komawa sana'a, da raguwar ruɓewar wurin ɗinki. Amma tun farkon yaɗuwarsa aka ga wani haɗari ya ƙaru, wato yanke ko ɗaure babban bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji, bisa kuskuren cewa ɗan bututun jakar ne. A tiyatar tsaga ciki hakan na faruwa ga kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 1,000. A ta ƙananan huji, yawancin rahotanni sun sa shi tsakanin 3 zuwa 5 cikin 1,000. Adadin kaɗan ne, amma wanda abin ya faɗa wa zai iya fuskantar shawara mai tsanani, da tiyata ta biyu mai wuya, da lalacewar hanta, wani lokacin har da rasa rai.

Wani rahoto da ƙungiyar likitocin fiɗa na kudancin ƙasar Amurka ta wallafa a 1991 ya bayyana inda gizo ke saƙar. Cikin mutum 1,518 da aka yi wa aikin, kashi 0.5 cikin 100 ne suka sami rauni a wannan bututu. Da aka rarraba alƙaluman, sai aka ga cewa a cikin majinyata 13 na farko na kowace tawagar likitoci adadin ya kai kashi 2.2, bayan nan kuwa ya sauko zuwa kashi 0.1. Wato mafi haɗarin lokaci shi ne lokacin koyo. Duk asibitin da ke fara wannan aiki, a Tamale ne ko a Kano ko a Maraɗi, sai ya bi ta wannan siraɗi, kuma majinyatansa na farko su ne ke ɗauke da nauyin.

Daga nan ne likitan fiɗa Steven Strasberg ya fito da wata ƙa'ida a 1995: kada a yanke komai sai an share wurin, an ga cewa abu biyu ne kacal ke shiga jakar. Idan kumburi ya hana a gani sosai, likita ya cire wani ɓangare na jakar ya bar sauran, ko ya ajiye kyamara ya buɗe cikin. A wancan rahoto na 1991, kusan kashi 5 cikin 100 na ayyukan an ƙarasa su ne ta hanyar buɗe ciki. Majinyata da danginsu kan ɗauki haka a matsayin gazawa, alhali sau da yawa shi ne matakin da ya ceci bututun.

Ko a inda aikin ya zauna da gindinsa ba a rasa matsala. Wani bincike da aka yi a Birtaniya da Ireland a 2014, wanda ya bi sawun mutum 8,909 da aka cire wa matsarmama, ya gano cewa kimanin kashi 11 cikin 100 sun sami wata matsala cikin kwana 30, kashi 7 kuma sai da aka sake kwantar da su. Abin da ya sa mace-mace suka yi ƙaranci a can shi ne ana gano matsalar da wuri, kuma akwai inda za a gyara ta.

Matsayin Tamale

A Ghana, sai a 2005 aka fara wannan tiyata, a asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra, shekara 20 bayan aikin Mühe. A Nijar ma, Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ya fara ta a tsakiyar shekarun 2000. A ƙasashen biyu, kamar a sauran yankin, daga babban birni aka faro, sannan aikin ke matsawa a hankali zuwa sauran sassa.

Asibitin Koyarwa na Tamale an buɗe shi ne a 1974 a matsayin asibitin yanki, daga baya ya zama asibitin koyarwa na uku a ƙasar bayan Korle Bu da Komfo Anokye na Kumasi. A nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Nazarin Ci Gaba, UDS, wadda aka kafa a 1992, ke samun horo. Shi ne inda ake turo majinyatan da abin ya gagara daga yankuna biyar na arewa: Northern, Savannah, North East, Upper East da Upper West. Daga Tamale zuwa Kumasi kusan kilomita 380 ne, zuwa Accra kuwa kimanin 600.

Wannan nisa yana da fuska biyu. A gefe guda, shi ne babbar hujjar ƙarfafa tiyatar ƙananan huji a Tamale: asibitin da marasa lafiya ke jiran gado zai amfana ƙwarai idan wanda aka cire wa matsarmama ya tashi bayan kwana ɗaya maimakon biyar, kuma iyalin da suka taso daga Bawku ko Wa za su rage kuɗin abinci da makwanci. A ɗaya gefen, idan aka ji wa babban bututun rauni, gyaransa na buƙatar ƙwararren likitan hanta da zai haɗa bututun da hanji, kuma an fi samun nasara idan ba wanda ya yi aikin farko ne ya yi gyaran ba. Haka nan idan tsakuwa ta zame ta toshe bututun, ciro ta na buƙatar wata na'urar dabam da ake zurawa ta baki, da wanda ya iya sarrafa ta. Dole a san tun kafin a fara aikin inda irin wannan majinyaci zai nufa, da motar da za ta kai shi, da wanda zai biya. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasin watan Afrilun 2025

A watan Afrilun 2025 asibitin Tamale ya mamaye kanun labaran Ghana. Ministan lafiya Kwabena Mintah Akandoh ya kai ziyarar ba-zata bayan rasuwar wani majinyaci, aka yi sa-in-sa tsakaninsa da wani likita a sashen gaggawa, aka kuma sauke shugaban asibitin. Ƙungiyar likitocin asibitin ta janye aiki a sashen gaggawa da na masu zuwa ganin likita su koma gida, har sai da fadar Ya Na, sarkin Dagbon, ta sa baki kafin su koma bakin aiki bayan 'yan kwanaki.

Abin lura ga batunmu shi ne jerin buƙatun da likitocin suka gabatar: ruwa da wutar lantarki ba yankewa, iskar oksijin, safar hannu da auduga, na'urorin taimaka wa numfashi da na lura da bugun zuciya. Duk waɗannan su ne ginshiƙin tiyatar ƙananan huji. Likitan da ya tsaga ciki, idan aka ɗauke wuta, zai iya lallaɓawa da fitila. Wanda ke aiki da kyamara kuwa, da zarar allo ya mutu ya makance, alhali ƙarafansa na daf da hanta. Kayan aikin masu siraran ramuka ne, wanke su da kashe musu ƙwayoyin cuta na cin ruwa mai tsabta, a garin da ƙarancin ruwan famfo ya daɗe yana addabar mazaunansa. Sannan akwai tulun iskar kabon dayoksaid da ƙananan maɗauran da ake matse bututu da su, da injiniyan da zai gyara kyamara idan ta lalace. A asibitocin Afirka da dama, na'urorin da aka bayar kyauta sun ƙare a lulluɓe da zane saboda rashin ɗaya daga cikin waɗannan.

Babban binciken sakamakon tiyata a Afirka da mujallar Lancet ta wallafa a 2018 ya ƙarfafa wannan magana. An bi mutum 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25. Duk da cewa majinyatan Afirka sun fi ƙuruciya kuma sun fi ƙarancin cututtuka masu nauyi, haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu. Kashi 94 cikin 100 na mace-macen sun auku ne bayan ranar da aka yi aikin, wato a ɗakin kwanciya, inda ma'aikaciyar jinya ɗaya ke kula da gadaje masu yawa. Binciken ya sami ƙasa da ƙwararre ɗaya na fiɗa, haihuwa ko sa barci ga kowane mutum 100,000, alhali hukumar da Lancet ta kafa kan tiyata a duniya ta ba da shawarar aƙalla 20 a rahotonta na 2015.

Masu sikila da masu zuwa a makare

Majinyatan yankinmu sun bambanta da waɗanda aka gina alƙaluman Turai a kansu. Na farko, masu ciwon sikila. A Ghana kimanin kashi 2 cikin 100 na jariran da ake haifa na zuwa da cutar, a Najeriya kuwa ana ƙiyasta jarirai 150,000 a shekara. Saboda jajayen ƙwayoyin jininsu na saurin fashewa, tsakuwa kan taru musu a matsarmama tun suna yara ko matasa, kuma sau da yawa ana ɗaukar ciwon a matsayin tashin sikilar da aka saba. Tiyatar ƙananan huji ta dace da su domin tana rage raɗaɗi da dogon kwanciya, kuma likitocin Yamai sun wallafa rahoto kan yadda suka yi wa masu sikila ita tun a 2009. Amma suna buƙatar shiri na musamman: ƙarin ruwa, ɗumama jiki, oksijin, da jini a ajiye. Wani gwaji da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa ƙara musu jini kafin tiyata ya rage matsaloli daga kashi 39 zuwa kashi 15 cikin 100. Ke nan ma'ajiyar jini ta asibiti na cikin abubuwan da ke yanke hukuncin sakamakon.

Na biyu, masu zuwa a makare. Wadda ta shekara biyu tana shan maganin olsa, matsarmamarta ta kumbura ta sace sau da dama, ta yi kauri ta manne da hanji. Irin wannan ce ta fi wuyar cirewa, ita ce aka fi ƙarasawa da buɗe ciki, kuma a kanta aka fi kuskuren bututu. Hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta ba da shawara tun 2014 cewa a cire matsarmamar da ta kumbura cikin mako ɗaya da ganowa. Kafin a kai ga haka a arewacin Ghana, sai an sami na'urar sikanin da wanda ya iya karanta ta a asibitocin gundumomi irin su Yendi, Damongo da Walewale. Sakamakon tiyatar da za a yi a Tamale yana farawa ne daga can.

Garin da ya iya ƙirga

Tamale na da wata dama da garuruwa kaɗan a yankin ke da ita. A nan ne cibiyar Ghana ta wata gamayyar binciken tiyata ta duniya take, wadda Birtaniya ke ɗaukar nauyinta, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Stephen Tabiri na jami'ar UDS. Wannan gamayya ce ta nuna a 2018 cewa ruɓewar wurin ɗinki bayan tiyatar ciki ya kai kashi 23 cikin 100 a ƙasashe matalauta, idan aka kwatanta da kashi 9 a ƙasashe masu arziki. Wannan kaɗai ya isa hujjar rage girman tsaga, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ita ce kuma ta gudanar da gwajin ChEETAh da aka wallafa a 2022, kan mutum 13,301 a ƙasashe bakwai da suka haɗa da Ghana, Najeriya da Benin. Gwajin ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki ya rage ruɓewar daga kashi 18.9 zuwa kashi 16. A 2023 gamayyar ta ƙaddamar da GECKO, binciken da ya mai da hankali kacokan kan cire matsarmama a faɗin duniya.

Garin da ya taimaka wa duniya wajen ƙirga sakamakon tiyata ya cancanci ya riƙa ganin nasa alƙaluman a fili. Abubuwa biyar sun isa: mutum nawa aka yi wa aikin a shekara, nawa aka ƙarasa da buɗe ciki, nawa suka sami raunin bututu, nawa suka dawo cikin kwana 30, nawa suka rasu. Idan asibitocin gwamnati da masu zaman kansu suka riƙa fitar da waɗannan duk shekara, majinyaci zai yi zaɓi da ilimi, ma'aikatar lafiya kuma za ta san inda horo ya fi gaggawa.

Wa zai biya?

Ghana ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa a 2003, amma ƙorafin jinkirin biyan asibitoci da na karɓar ƙarin kuɗi a hannun masu katin ya daɗe. A kasafin 2025 gwamnati ta cire ƙayyadewar da ke hana asusun samun dukan harajin da ake tara masa. Tambayar yanzu ita ce ko farashin da inshorar ke biya zai ɗauki tsadar kayan tiyatar kyamara. In bai ɗauka ba, za a wayi gari da tsari biyu a asibiti ɗaya: mai hali a yi masa huji, marar hali a tsaga shi, alhali marar halin ne ya fi buƙatar komawa aiki da wuri.

Akwai ƙasar da ta nuna cewa talauci da nisa ba sa hana wannan ci gaba. A Mongoliya, ƙasar makiyaya mai faɗin gaske, kashi 2 cikin 100 kacal na ayyukan cire matsarmama ake yi ta ƙananan huji a 2005. Zuwa 2013 adadin ya kai kashi 62. Abin da suka yi shi ne horar da tawaga gaba ɗaya, likitan fiɗa da mai sa barci da ma'aikatan jinya da masu gyaran na'ura, a asibitocin larduna, shekara bayan shekara, har waɗanda aka koyar suka zama masu koyarwa. A arewa maso gabashin Indiya kuma, likitocin karkara tare da injiniyoyin Jami'ar Leeds sun gwada na'urar da ke ɗaga fatar ciki ba tare da an hura iska ba, don rage dogaro da tulun gas.

Kafin a sa hannu a takarda

Ga 'yar kasuwar Aboabo da ire-irenta, akwai tambayoyin da ba rashin kunya ba ne a yi wa likita. Sau nawa ya yi wannan aiki, kuma idan yana koyo ne, wane ne zai tsaya a kansa? Idan aka ɗauke wuta, akwai janareta a ɗakin tiyata? Idan aka sami matsala a bututu, ina za a kai ta? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, kuma me katin inshora zai ɗauka? Mai sikila ya faɗa tun a ganin farko. Bayan an sallame ta kuwa, zazzaɓi, ko idanu su yi rawaya, ko ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu, ko ciki ya kumbura, ko amai ya ƙi tsayawa, duk alamu ne na a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Ga hukumomin Accra da na Tamale, sayen kyamara da allo shi ne mataki mafi sauƙi, kuma shi ne ke fitowa a hoton bikin ƙaddamarwa. Sauran aikin, wato rijiyar burtsatse da janareta, horar da ma'aikatan jinya, riƙe ƙwararru a arewa, ma'ajiyar jini da littafin ƙirga sakamako, ba ya jan hankalin 'yan jarida. Amma shi ne zai tabbatar ko matar nan za ta koma rumfarta cikin mako biyu, ko kuwa za a ɗauke ta a motar asibiti zuwa Accra, tafiyar kilomita 600.